Salansa ko ƙwaƙwalwa: ina ya kamata mai tsohuwar jif ya fara kashe kuɗinsa?

Toyota Highlander ta 2004 mai silinda shida, da 'yar uwarta Lexus RX330, sun fito daga kamfani da inji lita 3.3 mai ƙarfin doki 230 a rubuce. RX300 da ta gabace su lita 3.0 ce, doki 220. Yau waɗannan motoci sun ba shekara ashirin baya. Yawancinsu sun gama cin titunan Amurka kafin su shigo ta Legas ko Kwatano, sannan suka ɗora da namu. Duk mai riƙe da irinsu ya san lokacin da maganar ƙara wa mota ƙarfi take tasowa: an kwaso iyali daga Kano za a Jos, but cike da kaya, esi a kunne, ga tirela a gaba kan hawa, an take totur har ƙasa, mota sai gurnani take yi amma ba ta ci gaba.

Daga nan shawara takan rabu biyu. Mai walda zai ce numfashi ne ya yi mata kaɗan, a buɗe salansa, a fasa indomi, wato tukunyar tace hayaƙi. Mai kwamfuta zai ce ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ita ce take riƙe ta, a sake mata lissafi. Kowannensu yana da ɗan abin da ya faɗa daidai. Amma a irin wannan jif ɗin mai shan fetur, wadda ba ta da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ƙarfin da mai ita yake nema ba sabon ƙarfi ba ne. Nata ne na asali da ya zube a hanya, kuma dawo da shi ya fi sayen sabo araha nesa ba kusa ba.

Ƙarfin da ya zube

A fara da filogi. Injin waɗannan motoci a gicciye yake kwance, silinda uku suna fuskantar lagireto, uku suna can baya ƙarƙashin tukunyar iska, jikin bangon da ya raba inji da ɗakin direba. Na gaba minti kaɗan ne an canza su. Na baya kuwa sai an kwance abubuwa ko an cusa hannu ana lalube, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a buɗe mota a tarar da sababbi uku a gaba, na baya kuma bakinsu ya cinye, wataƙila tun waɗanda ta shigo da su ƙasar ne. Filogin da ya dace da su mai bakin iridiyam ne, irin Denso SK20R11, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Ka tsaya a kan motarka ka ga an fitar da shida an mayar da shida.

Sai sensar auna iska da ke bayan iya kilina, wato matatar iska. 'Yar waya ce siririya a cikin roba baƙa, ƙurar hunturu da tururin mai suna lulluɓe ta har ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa cewa iskar da ke shiga ba ta kai yadda take ba. Mota ta yi nauyi, wani lokaci lambar P0171 ko P0174 ta fito a kwamfuta. Feshin wanke ta ba shi da tsada, sharaɗin kawai kada a taɓa wayar da tsinke ko tsumma.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne sensar jin ƙwanƙwasar inji. Guda biyu ne a kwarin da ke tsakanin layin silinda, zafi yana busar da wayarsu har ta karye. Idan ɗaya ta mutu, lambar P0325 ko P0330 za ta fito, ƙwaƙwalwa ta ja lokacin tartsatsi baya don kare inji, a RX300 ma har ta hana mota shiga giyar ƙarshe. Mai motar sai ya ga allurar inji tana sama a kan babban titi, fetur yana tafiya, ya ɗauka giya ce ta mutu ko salansa ce ta toshe. Babu bututun da za a ɗaura wa wannan mota ta warke.

Akwai kuma abin da mu da kanmu muke yi wa motocin nan da sunan taimako. An cire tamostat, mai daidaita zafin inji, wai don ƙasarmu da zafi, an haɗa fanka kai tsaye tana juyi tun daga tayar da mota. Tamostat ɗin wannan inji yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma ƙwaƙwalwa tana jiran inji ya kai zafinsa kafin ta daidaita fetur yadda ya kamata. In bai kai ba, da sanyin asuba na watan Janairu musamman, za ta yi ta zuba mai fiye da kima. An zuba baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da aka rubuta wa 5W-30 a murfinsa, alhali da matsin man nan ne yake juya lokacin buɗe bawul. Injin lita 3.0 ɗin ma dama an san shi da tara dattin mai idan ana jinkirta juye. An sa tayoyi manya don kyan gani a madadin girman da ta zo da shi daga kamfani, kowace tashi daga tsaye sai inji ya yi aikin da ba nasa ba.

Wani ɓangaren kuma ba laifin kowa ba ne. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, Jos kuma tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200. Iskar watan Afrilu mai digiri 40 ita ma ba ta kai ta sanyi nauyi ba. Motar da take tashi da kyau a Legas dole ta ɗan yi sanyi a can.

Idan aka gyara waɗannan, da yawa daga masu neman sabuwar salansa sukan fasa. Wanda bai fasa ba, to yanzu ne kwatancen zai yi masa amfani.

Salansa

Abu uku ne a layin hayaƙi, kuma kuɗinsu da amfaninsu ba ɗaya ba ne: manifol da ke manne da inji, tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, sai bututu da tukwanen rage ƙara daga tsakiya zuwa baya.

Indomi ce ake yawan rigima a kanta, don haka a nan zan daɗe. Cikinta farar ƙasa ce gasasshiya mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Su ne suke mayar da gubar hayaƙi ta zama mai sauƙin illa, kuma su ne dalilin da ya sa ake da masu sayen tsohuwarta da kuɗi mai kauri. Wannan ya kamata mai mota ya riƙe a ransa duk lokacin da aka ce masa tasa ta toshe tun ba a gwada ba. Ba kowane mai ba da shawarar ne yake da mugun nufi ba, amma abin da za a ciro daga motarka yana da kasuwa, kuma naka ne.

Tana toshewa da gaske, ba ƙarya ba ne. Alamarta ita ce mota ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, amma da an nemi gudu sai ta shaƙe, abin yana ƙaruwa in ta yi zafi. Gwajinta ba wuya: a kwance sensar da ke gabanta, a ɗaura agogon auna matsi a ramin, a ɗaga inji zuwa juyi 2,500. Abin da masu aikin suka saba bi shi ne matsin kada ya wuce psi 3. In ya wuce sosai, ta toshe. In bai kai ba, lafiyarta lau, a nemi ciwon a wani wuri. Lambar P0420 ko P0430 ita kaɗai ba ta nufin toshewa, tana nufin tacewar ta yi rauni ne, kuma wani lokaci hudar bututu ko tsohuwar sensa ce take jawo ta.

To in ta tabbata ta mutu, hanya uku ce. Ta farko a fasa ta a zazzage, a mayar da kwankon fanko. Ita ce mafi araha a ranar, kuma ba zan ɓoye ba, motar da indominta ya toshe za ta saki jiki nan take. Sai dai ƙarfin da ya dawo na cire toshiya ne, sabuwar indomi ma za ta dawo da shi. Abin da ya biyo baya shi ne wutar cek injin da ba ta mutuwa, wadda daga ranar ba za ta ƙara yi maka amfani ba, domin in wata matsala ta taso ba ka da hanyar sani. Sai ƙarar gwangwani idan an taka, sai warin da ke shiga ido. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a jin warinsa. Iskar kabon monokzayid ba ta da wari ba ta da launi, jif kuma bayanta a miƙe yake, iska tana murɗawa ta dawo da hayaƙi jikin ƙofar but. Robar ƙofar motar da ta shekara ashirin ba ta kamawa kamar da. Yara ne suke zama a kujerar baya, a cunkoso, gilashi a rufe. Wannan kaɗai ya isa in ce ban yarda da fasa indomi a motar iyali ba.

Hanya ta biyu ita ce ta asali 'yar Beljiyam, daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. In aka dace da mai kyau, ita ce ta fi zama daidai, ƙulle-ƙullenta suna hawa ba yanka ba walda, kuma ƙarfen tacewar da kamfani ya sa ya fi na yawancin na kasuwa yawa. Amma sai an duba. A haska fitila ta baki ɗaya a leƙa, ramukan su kasance a jere, ba narkewa, ba gefen da ya ɓalle. A girgiza, kada a ji wani abu yana kaɗawa a ciki. A duba jikin kwankon ko akwai sabon layin walda da aka shafe da fenti ko aka bari ya yi tsatsa da gangan, domin wannan alama ce ta an buɗe an kwashe an mayar.

Ta uku sabuwa ce ta gama-gari, wadda ake yanka bututu a walda ta. Mai kyau daga sanannen kamfani tana aiki. Mai arha sosai kuwa sau da yawa ƙarfen tacewarta ɗan kaɗan ne, bayan wasu watanni wutar ta dawo. Tsakanin biyun nan, ni na fi karkata ga ta asali da aka duba da kyau, in ba a samu ba sannan sabuwa mai suna.

Ko wacce aka zaɓa, indomi ba ta mutuwa haka kawai. Filogi ko koyil da ke tsallake wuta yana tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikinta har ta narke. Injin da ke shan baƙin mai, ko gasket da ke sakin ruwa, suna toshe ramukanta. In ba a kashe wannan ba, sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi.

Daga indomi zuwa baya, maganar ta fi sauƙi. Canza tukunyar baya kaɗai murya take canzawa, ba ƙarfi ba. Canza layin gaba ɗaya da bututu marar lanƙwasa mai matsewa yana iya ƙara ɗan abu a saman juyi, wurin da mai jif ba ya yawan zuwa. Faɗin bututu shi ne inda ake yawan kuskure. Inji lita 3.0 zuwa 3.3 inci biyu da kwata zuwa biyu da rabi ya ishe shi. In aka sa inci uku, hayaƙi yana rage gudu a ciki, jan da yake yi wa na bayansa ya ragu, mota ta yi sanyi a tashi da hawa, wato daidai inda ake son ta. Sannan ga gunjin da ke cika ɗaki a gudun babban titi, wanda a gwajin minti biyar daɗi yake yi, amma daga Kaduna zuwa Sakkwato ciwon kai ne. Kada a yarda a cire ƙaramar tukunyar tsakiya, ita take kashe wannan gunjin.

Wajen ƙarfe, baƙin bututu shi ne mai arha kuma shi ne mai saurin ruɓewa. Sitenles mai lamba 409 yana yin ja a fuska amma yana daɗewa, mai lamba 304 ya fi shi kyau da tsada. A Arewa, inda ba gishirin teku ba gishirin da Turawa ke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, 409 ya wadatar. Tsatsar da ake gani a ƙarƙashin yawancin motocin nan ma da ita suka zo. Abin da ke kashe salansa a nan rami ne da tudun rage gudu, don haka yadda aka rataye ta, da robobin da ke riƙe ta, da kada ta sauko ƙasa da inda kamfani ya ajiye ta, sun fi lambar ƙarfen muhimmanci.

Manifol irin na motocin tsere kuwa, a injin da ke gicciye aikin na baya wahala ne, zafinsa yana dukan wayoyi da robobi, ribarsa kaɗan. Sai in na asali ya tsage, kamar yadda aka san na 4Runner mai V8 lita 4.7 da yi, mai ƙarar tik-tik da safe.

Ƙwaƙwalwa

A injin fetur marar turbo, abin da mai sake lissafi zai iya taɓawa kaɗan ne: ya matso da lokacin tartsatsi gaba, ya ɗan gyara yawan mai. Iskar da inji ke zuƙa ba ta ƙaru ba, don haka ribar da wuya ta wuce kashi 5 cikin ɗari, kuma mafi yawanta tana buƙatar fetur mai daraja sama da na kullum. Gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba zaɓi, ballantana ranar da tafiya ta tilasta maka sayen galan a wurin 'yan bumburutu. Ratar da kamfani ya bari a lissafinsa ita take kare fistin a irin wannan rana. Ƙari a kan haka, ƙwaƙwalwar Toyota ta farkon shekarun 2000 ba ta karɓar sabon rubutu cikin sauƙi. Sau da yawa abin da ake kira sake lissafi a nan bai wuce goge lambobi ko kashe wutar indomi ba. Ka tambayi mai aikin me zai canza takamaimai, kuma ko zai ajiye maka lissafin asali.

'Yan akwatunan da ake sayarwa a intanet, waɗanda ake cusawa a ramin kwamfuta ƙarƙashin sitiyari da alƙawarin ƙarin ƙarfi da ragin mai lokaci guda, waɗanda aka fasa an tarar ba komai a ciki sai 'yar fitila mai ƙiftawa. Na'urar totur kuma, wadda ke aiki a motocin da totur ɗinsu na lantarki ne kamar masu lita 3.3, ba ta ƙara doki ko ɗaya. Tana sa ɗan taki ya zama babban taki ne kawai. Wasu suna jin daɗinta a cikin gari, amma a kan hawan nan da tirela a gaba, ƙafa a ƙasa ƙafa a ƙasa ce.

Buɗaɗɗen iya kilina mai kama da mazurari, a ƙasar da ake hazo wata uku, ban ga dalilinsa ba. Yana zuƙar iska mai zafi daga cikin bonet, yana barin ƙura mai laushi ta wuce, mai jiƙe da mai kuma yana ɓata sensar iska. Na takarda mai kyau, a riƙa canza shi da wuri lokacin hunturu, ya fi.

Abin da ke ƙara ƙarfi na gaske a injin fetur shi ne na'urar cusa iska, irin wadda sashen TRD na Toyota ya taɓa yi wa injin lita 3.4 da lita 4.0. Tana son fetur mai daraja, ga tsada, ga ƙarancin masu iya ta. A RX300 kuma akwai wani abin lura: giyarta mai hawa huɗu ba ta yi suna da juriya ba ko da ƙarfin asali. Kuɗin da za a kashe a nan gara a juye mata man giya irin T-IV da aka rubuta mata, a duba lagireto.

Inda lissafin yake juyewa shi ne dizal mai turbo. Prado ta 2002 zuwa 2009 mai injin D-4D lita 3.0 tana amsa sake lissafi sosai, domin a nan ana iya ƙara iska da mai tare, kuma faffaɗan bututu bayan turbo yana taimaka mata da gaske, inci uku ba laifi ba ne. Direba zai ji bambancin a hawa da jan kaya. Amma haɗarin ma ya fi girma. Wannan inji an san shi da tsagewar fistin idan nozul ya lalace ko zafi ya yi yawa, wanda ya gabace shi kuma, 1KZ-TE, da tsagewar tof silinda. Duk mai son bin wannan hanya sai ya fara gwada nozul, ya wanke lagireto, ya sa agogon auna zafin hayaƙi, ya kuma nemi lissafi mai sauƙi, ba na gasa ba. Land Cruiser mai injin 1HZ lita 4.2, wadda ta cika hanyoyin Agadas da Damagaram, ita ba ta da ƙwaƙwalwar da za a taɓa ma. Abin da ake yi mata shi ne murɗa famfon mai, kuma in aka wuce gona da iri baƙin hayaƙi da zafi ne sakamakon, ba gudu ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga masu tambayar nan in ka bi zancensu ragin shan mai suke nema, ba gudu ba. Ga irin wannan mutum, babbar salansa da sake lissafi ba su da abin ba shi. Tamostat, sensar hayaƙi ta gaba mai kyau irin Denso, filogi shida, iskar taya daidai da birkin da ba ya kamawa su ne za su nuna a aljihu. Wanda salansarsa ta ruɓe ko aka riga aka kwashe masa indomi, ya mayar da indomi tukuna, sannan bututu daidai faɗin asali ko sama da shi kaɗan. Wanda murya yake so, tukunyar baya mai kyau ta ishe shi, ya bar ta tsakiya a wurinta. Mai dizal da turbo ne kaɗai zan ce ya je wurin mai kwamfuta da niyyar ƙarin ƙarfi.

In an gama aikin walda, kafin a sauko da mota daga rami, a tayar da ita a toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, a bi layin ana saurare da kunne. Duk inda ke huci a sake shi, musamman gaban sensa, domin iskar da ke shiga ta hudar nan tana ruɗa ƙwaƙwalwa ta ƙara fetur. Sannan a goge lambobi, a yi tafiyar kwana biyu ko uku, a dawo a sake sa ta a kwamfuta.